Ninja 300 ko R6 ga wanda bai taɓa tuƙa fawa bayik ba? Ina neman shawarar 'yan Sakkwato

Ɗan_Arkilla

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar manyan mashina. Ni ɗalibi ne a Danfodiyo, shekarata 21, ina ɗan taɓa saye da sayar da waya a gefe, to na ɗan tara wani abu kuma yayana ya ce zai cika min in na samu mai kyau. Tun ina sakandare nake hawa Daylong ɗin gidanmu, Boxer ma na iya, amma fawa bayik sai dai a goya ni. Yanzu wani dila ya turo min hotuna daga Legas, Kawasaki Ninja 300 beljiyam da Honda CBR250R, sai abokina ya ce wai kar in zubar da kuɗina a kan waɗannan ƙananan, in ƙara haƙuri in ɗauki Yamaha R6 kai tsaye tunda ba za a jima ba zan raina 300 ɗin, kuma gaskiya maganar tasa ta shige ni. Wanne ya fi dacewa da ni? Akwai masu gyaransu a nan garin? Sannan Hajiyarmu ko zancen ba ta son ji, wanda ya taɓa shawo kan tasa ya koya min dabara.

MaiSufana

Wa'alaikumus salam. Yaro wanga abokin naka ko bai san mashin ba ko kuma ba shi ƙaunarka. R6 injin 599cc ne, silinda huɗu, ƙarhin doki sama da 100. Boxer ɗin da kaka taƙama ka iya bai kai doki 10 ba. Ninja 300 shina da kusan 39, CBR250R kamar 26. Kai lissaha da kanka, ko 300 ɗin ma ya ninka abin da hannunka ya saba da shi har sau huɗu, mi za ka raina a ciki? R6 don hilin tsere aka yi shi, in ba ka murɗa shi sama ba shi jin daɗi, to a ina za ka murɗa shi, tsakanin Dandima da Runjin Sambo cikin 'yan kabu-kabu da Keke Napep?

Ni dai abin da nika son ka duba ba ma gudun ba ne, gyara ne. Daylong ko Kasea in ya lalace ko wace kwana ka tsaya akwai mai gyara da kayanshi rataye a rumfa. Ninja 300 da CBR ɗin kuwa tayar baya 140/70-17 ce, ta gaba 110/70-17, ba kowane shago za ka iske su ba, sau da yawa sai an aiko daga Kano ko Legas, mashin shi yi ta kwana a zaure kana jiran direba. Robar jiki in ta hwashe, kuma za ta hwashe don ba wanda ka koyon mashin mai kilo wajen 170 bai kai shi ƙasa ba ko a tsaye, ita ma sai oda. Sannan duk biyun da ruwa suka sanyaya inji, lagireto gare su da fanka, ka san yadda garinmu yake a watan Afrilu, zahi ya wuce 40, in fanka ta mutu kana cikin cunkoso ba ka lura da allo ba to gaskit ya tahi. Kuma ba a zuba ma lagireton ruwan rijiya ko fiya wata, nashi ruwan daban ne. Lokacin hunturu ƙura ta cika matatar iska, sarƙa ta sha yashi ta cinye haƙoran sufuroket, dole ka riƙa wankewa kana shafa mata mai. Baƙin mai ma ba na mota ba, ka nemi wanda anka rubuta JASO MA a jikin galan, in ba haka ba kuloci shi riƙa sulɓewa.

Cikin biyun ni CBR zan ce maka. Silinda ɗaya, fulogi ɗaya, mai kaɗan shika sha, bakanike mai hankali zai iya gane kanshi ko bai taɓa buɗe irinshi ba.

Abba_R3

Oga MaiSufana ya gama magana kan R6, ba ƙari. Amma a kan CBR ban bi shi ba gaskiya. Ni Yamaha R3 nake hawa, 321cc silinda biyu, kusan aji ɗaya da Ninja 300, kuma in kana fita babban titi irin hanyar Bodinga zuwa Tambuwal ko ka nufi Birnin Kebbi bambancin a fili yake, mai silinda ɗaya in ka ɗan daɗe kana gudu hannunka har ƙaiƙayi yake saboda karkarwa, wuce tirela kuma sai ka yi lissafi sosai. Ninja 300 tankinsa lita 17 ne, CBR 13, kuma Ninja ɗin yana da irin kulocin nan da ba ya barin tayar baya ta kulle in ka sauke giya da garaje, wannan ba ƙaramin taimako ba ne ga sabon hannu. In ka samu mai ABS, wato birkin da ba ya barin taya ta kulle in ka matsa da ƙarfi, to ko da ɗan ƙari ne ka biya.

Abin da babu wanda ke gaya wa mutum shi ne sai ka sake koyon tuƙi daga farko. Giyar ɗaya ƙasa ce biyar sama, zaman kuma a duƙe, wuyan hannu da baya za su gaya maka a satin farko, kan ba ya juyawa sosai don haka juyawa a lungu wahala ne. Babbar matsalar ita ce birki, mu nan mun taso da taka birkin baya kawai, ana ma tsorata mu da na gaba wai yana kayarwa, alhali a irin wannan mashin na gaba ne ke yin mafi yawan aikin tsayawa, matsa shi ake a hankali ana ƙarawa ba cafka ba. Ka samu fili da sassafe ka yi ta gwada tsayawa har hannunka ya saba kafin ka shiga Ahmadu Bello Way. Kuma ka riƙe wannan, in ka ninka gudu sau biyu nisan da kake buƙata ka tsaya ninki huɗu yake zama, akuya ko yaro mai tallan fura ba su san da wannan lissafin ba. Ga yashin da iska ke tarawa a bakin kwalta musamman a shataletale, ka kwanto a kansa ka ga aiki.

Kuɗin hular kwano mai rufe haɓa da safar hannu da jaket da takalmi rufaffe ka cire su tun kafin ka yi ciniki. Eh da zafi, eh za a ce kana ji da kai, amma jallabiya da silifas a kan Ninja ba wayewa ba ce, jallabiyar ma tana iya shiga sarƙa.

Sarkin_Zolaya

Hhhh malam da kuɗin nan ka sayi Boxer biyu ka ba 'yan kabu-kabu suna kawo maka balas kullum. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 wa ke sayen abin shan fetur don gayu. 'Yan matan ma yanzu mai AC suke dubawa 😂

Maman_Khalil

Ƙanena ni ba mashin na sani ba, aikin jinya nake, abin da ke biyo bayan mashin shi na sani, karayar cinya da buguwar kai yawanci samari ne sa'anninka kuma da yawa ba su ne da laifi ba, mai mota ne ya fito bai duba ba. Ba cewa nake kar ka saya ba. Amma zancen "dabara" a kan Hajiya ka bar shi, ba dabara ake wa uwa ba. Ka fara yin lasin na mashin, ajin A ne a wurin hukumar kiyaye haɗurra kuma shekarunka sun kai tunda daga 18 ne, ka sayi hular ka ajiye inda za ta gani, dokar sa ta ma tun 2009 aka fara tilasta ta mu ne dai muka yi biris. Sai ka sa yayanku ya zauna da ita, ka yi mata alkawarin da za ka iya cikawa, ba tafiyar dare, ba tseren bayan ɗaurin aure da ɗaga taya, ba bin hanyoyin gabas irin su Isa da Sabon Birni da kowa ya san halin tsaron da ake ciki. In duk da haka ta ce a'a to ka haƙura zuwa wani lokaci, mashin ba ƙarewa zai yi a kasuwa ba.

Ɗan_Arkilla

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. R6 dai na cire shi a raina. Anti na ji, in sha Allah ta hannun Yaya zan bi. Sarkin zolaya kai kuma Allah ya shirye ka 😅 Oga MaiSufana wani ya min maganar Pulsar RS200 ta inbox wai tunda Bajaj ne kaya ba za su yi wuya ba, ya kake gani? Kuma dilan nan yana cewa in tura rabin kuɗi ya ɗora min a mota.

MaiSufana

Kak ka tura ko sisi. Mashin da ba ka gani da idonka ba, ba ka ji kukanshi ba? Ka tahi da kanka ko ka aiki wanda ya san inji. A tada shi da sanyi gabanka, in ka iske an riga an ɗumama shi kahin ka zo to akwai abin da aka ɓoye. Ka duba lambar shasi ta yi daidai da takardar kwastan, don tsakanin Legas da nan shingaye nawa ne, kuma nan ma kusa da boda muke ga Illela, ba takarda mashin ya zama na gwamnati. Ka leƙa ƙahon gaba ko shina yoyon mai, ka duba gefen hannu da madubi da salansa ko akwai gurzuwa, sabon fenti a tsohon mashin ma abin tambaya ne. Jikin taya akwai lamba huɗu, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara, beljiyam da yawa tayarsu ta bushe ko da zanen bai cinye ba, sai ka sa kuɗin sabbi cikin ciniki.

RS200 ba laihi, 199cc ne, doki wajen 24, ya ishe ka koyo. Amma sunan Bajaj kar shi ruɗe ka, kayan Boxer ba su shiga jikinshi, shi ma lagireto gare shi da injekta. Kahin ka yanke ka zagaya wurin masu sayar da kayan mashin ka tambayi abu ukku, birkin gaba, matatar mai da sarƙa da sufuroket na kowane ɗaya cikinsu, wanda anka ce maka akwai ko za a kawo cikin sati shi za ka saya. In ka samu hotunan allon da na injin ta gefen hagu da dama ka turo nan mu gani.