Ajiye gero sai ya yi tsada: sana'a ce ko zunubi?

Malamin makarantar Lahadi: Salama gare ku, 'yan'uwa. Maganar da ta taso jiya bayan sujada a tsaitsaye muka yi ta, ba ta ƙare ba. Na faɗa, kuma ina nan a kan bakana: Kiristan da ya kwashe gero da kaka yana arha, ya kulle a mangaza, ya ƙi buɗewa sai tsakiyar damina da rumbunan mutane suka zama wayam, zunubi yake yi. Karin Magana 11:26 ta ce jama'a za su la'anci mai ɓoye hatsi, albarka kuwa tana kan mai fito da shi ya sayar. Zakar da aka fitar daga irin wannan riba, ni ban ga yadda za mu yi murna da ita ba.

Ɗan kasuwar hatsi: Malam, kowa ya san da ni kake, gara in amsa. Da kaka manomi ne ke kawo kayansa Kasuwar Dole da ƙafarsa, yana neman kuɗin biyan bashi, ko na aurar da 'ya, ko na magani. In ba mu saya ba, wa zai saya? Motocin da ke lodi su nufi iyaka ta Magariya ko Matamaye za su kwashe, gero ya tafi ya bar Damagaram. Wanda na ajiye a nan yake kwana, a nan ake cinsa. Ina biyan haya, ina biyan mai gadi da 'yan dako, ɓera ya ci nasa, wata shekara kuma farashi ya faɗi in sayar da asara ba wanda ya zo yi mini jaje. Yusufu ma ai ajiya ya yi shekara bakwai a Masar, kuma Farawa 41:56 ta ce da yunwa ta zo sayarwa ya yi, ba rabawa ba.

Malamin makarantar Lahadi: Yaya, Yusufu ya tara ne don kada mutane su mutu, kuma da yunwa ta shigo buɗe rumbuna ya yi. Bai tsaya jiran farashi ya ƙara hawa ba.

Ɗalibin makarantar Littafi Mai Tsarki: Ku yi haƙuri in sa baki. Labarin Yusufu bai tsaya a sura 41 ba. A sura 47 mutanen Masar sun ba da kuɗinsu har ya ƙare, suka ba da dabbobinsu, daga baya gonakinsu da kawunansu, aka ɗora musu biyan kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona ga Fir'auna. An ceci rayuka, gaskiya ne, amma ba na jin an rubuta wannan don ɗan kasuwa ya ɗauke shi tsarin sana'a. Kowannenku ya ɗauki rabin labarin ne.

Shugabar zumuntar mata: Ku maza kuna ta jifan juna da ayoyi, bari in gaya muku abin da idona ya gani. A watan Agusta wata gwauruwa a cikinmu, mai 'ya'ya ƙanana, ta je wurin wani ɗan'uwa neman gero bashi. Ba zan faɗi sunansa ba, kuma ba wanda ya yi magana a sama ba ne. Ya auna mata tiya goma, ya ce da kaka ta kawo ashirin. Ta karɓa, don yara ba su san a jira ba. Na je gidanta ran da take sussuka. Tana sheƙewa tana aunawa cikin buhunsa, abin da ya rage a tabarma bai cika ƙwarya biyu ba, ta sa hannu tana tsince ƙwayoyin da suka zube a rairayi. Ranar Lahadi su biyun suka karɓi Jibin Ubangiji a layi ɗaya. Ni abin da ya hana ni barci ke nan. Mun ga 2005 a garin nan, bayan fari da fara na shekarar da ta gabace ta. Hatsi yana kasuwa tuli, kuɗin sayensa ne talaka ba shi da shi, yara suna ramewa a bayan uwayensu. Wanda ya ga wannan ba zai ce farashi maganar kasuwa ce kawai ba.

Ɗan kasuwar hatsi: Mama, wannan kam ko ni ban yarda da shi ba. Tiya ɗaya a biya biyu cin amana ne. Amma kada a haɗa ni da shi. Ni farashin ranar nake sayarwa, tiyata kuma ba ta da duka a gindi.

Dattijon ikkilisiya: Na saurare ku duka. Ɗana malami, ka yi gaggawa da ka kira ajiya kanta zunubi. Kakanninmu da rumbun tsimi suka tsira daga shekarun wahala, kuma gari kamar Zinder da ba kowa ke noma ba, dole wani ya riƙe hatsi daga Oktoba zuwa Yuli. Hukuma ma tana yin haka ta hannun OPVN, ofishin gwamnatin Nijar mai kula da ajiyar abinci. Abin da Littafin Firistoci 25:35-37 ya hana a fili shi ne ka ci riba a kan abincin da ka ba ɗan'uwanka da ya talauce. Abin da aka yi wa gwauruwar nan ya faɗa ciki tsundum, kuma mu dattawa za mu kira mutumin, ya mayar mata da tiya goman da ya ɗora. Amos 8 kuma ya tsawata wa masu ƙosawa Asabar ta wuce su buɗe hatsi, suna rage mudu suna ƙara kuɗi.

Kai kuma ɗana mai hatsi, tambaya ɗaya zan yi maka, ba sai ka amsa a nan ba. In ruwa ya ɗauke kwana ashirin a watan Yuli, muka taru muna roƙon Ubangiji ya sauko da shi, shuka tana bushewa, kai kuma mangazarka cike, me zuciyarka ke so a lokacin da bakinka ke cewa amin? In ka taɓa jin daɗi don hadari ya watse, to ka san inda ya kamata ka durƙusa.

Malamin makarantar Lahadi: Baba, na ji. Amma in an bar shi a zuciya kawai, kowa zai ce tasa fara ce, farashi kuma ya ci gaba da yanka talaka. Ni dai ina ganin mai bi ya kamata ya sa wa ribarsa iyaka, ko kasuwa ta ba shi fiye da haka.

Ɗan kasuwar hatsi: Wa zai yanka iyakar? In na karya farashi ni kaɗai, 'yan sari ne za su kwashe da safe su sayar da tsada da yamma, talakan bai gani ba. Tambayar Baba kuwa ta shige ni, zan kwana da ita.

Manomi daga wajen Mirya: Ku yi mini aikin gafara, ni ne mai sayarwa da kaka in dawo in saya da damina, buhun da na sayar wani lokaci da kuɗin biyu nake maido shi. Ba son raina ba ne, buƙata ce ke taruwa lokaci guda. Da ikkilisiya za ta buɗe rumbunta, kowa ya zuba baikon kaka da hatsi maimakon kuɗi, a ranta wa mabuƙaci tiya da tiya ba ƙari, da da yawanmu ba mu je ƙofar kowa ba. Ƙauyuka da dama suna da bankin hatsi, mun ga yadda yake aiki, mun kuma ga yadda yake mutuwa in masu ci ba sa biya.

Ɗan kasuwar hatsi: In za a yi, na ba da ɗaki ɗaya a mangazata ba haya, da buhu biyu na farawa.

Shugabar zumuntar mata: Mun gode, amma makulli biyu za a yi, ɗaya a hannun dattawa ɗaya a hannun mata, don mu muka san gidan da ba a ɗora tukunya ba. Kuma maƙwabtanmu Musulmi in sun zo, ba za a kore su ba. Baba, a sa maganar a taron majalisa na wannan wata, kafin a gama girbi.