Zuwa Positano da Amalfi daga jirgin ruwa na yawon shaƙatawa

Waɗanda suka taɓa zuwa bakinsu ɗaya: kada ka ɗauki hayar mota. Titin gaɓar tekun Amalfi a Italiya matsattse ne, ga kwana a kan kwana, kuma tun 2022 ake taƙaita shigar motoci a lokacin zafi bisa lambar ƙarshe ta mota, mara ko cika. Tasi da bas ba sa cikin dokar, amma cunkoso bai bar kowa ba.

In a birnin Salerno jirginku ya tsaya, ƙaramin jirgin ruwa na fasinja ya fi. Ba ya kai awa ɗaya zuwa Amalfi. Ka yi sammako, ƙauye biyu sun isa. Positano kuwa matakala ce zalla, mai ciwon gwiwa ya yi tunani. Ka dawo da wuri, babban jirgi ba ya jiran wanda ya fita da kansa.