Baba ya ƙi sakin jiki a gidan kula da tsofaffi, ina neman shawara

Assalamu alaikum. Mahaifina ɗan shekara 79 ne, mutumin Zariya, kuma yana zaune a Ingila tun 1974. Bayan ya samu shanyewar ɓarin jiki muka kai shi wani gidan kula da tsofaffi a Manchesta, domin ni da matata duk muna aiki, kuma ba zai iya hawa benen gidanmu ba. Wata uku ke nan, amma har yanzu bai saki jiki ba.

Kullum bayan la'asar sai ya cusa hularsa da carbinsa da ƙaramar rediyonsa cikin jaka, ya zauna a bakin ƙofa yana jiran in zo in ɗauke shi. Abincin gidan ba ya ci sai shayi da biredi, ko da yake idan na kai masa tuwon shinkafa da miyar kuka yakan cinye tas. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne mata ke yi masa wanka, ga shi Turancin da ya yi shekara 50 yana yi ya fara kuɓuce masa, Hausa kawai yake yi wa ma'aikatan. 'Yan uwa na gida kuwa cewa suke mun jefar da shi, maganar da ke hana ni barci.

Ma'aikatan sun ce in rage zuwa kullum domin ya saba da su, amma zuciyata ba ta kwanta da hakan ba. Wanda ya taɓa shiga irin wannan hali, shin rage ziyarar ya taimaka? Kuma ta wace hanya zan nemi a ware masa ma'aikaci namiji ba tare da na ɓata tsakanina da su ba?