Kashe firij da daddare: tsimi ne ko asara?

Maman Biyu: Salam jama'a. Dan Allah a raba mana gardama ni da maigidan. Ni duk dare in za mu kwanta sai in zare firij daga soket, da asuba in mayar, lissafina shine awa 8 cikin 24 kashi ɗaya bisa uku ne, kenan kashi ɗaya bisa uku na wutar da yake sha ya ragu. Shi kuma yace ba wani tsimi sai dai in kashe mana firij ɗin gaba ɗaya. Nace ai abin da ba a kunne yake ba ba ya shan wuta, wannan ko yaro ya sani. To wa ya fi gaskiya?

Hajiya Babba: Wa'alaikissalam 'yata. Ke ce da gaskiya, ki ci gaba. Da dare ba mai buɗe shi, kowa na barci, to wa yake yi wa aiki? Ni har caja ba na bari a jikin bango, duk abin da ba a amfani da shi a cire shi. Da kaɗan kaɗan ake tara abu, maza ba sa ganin irin wannan sai kati ya ƙare su fara faɗa.

Ɗan Auta: Hajiya ki yi haƙuri amma ni abin da na ji akasin haka ne. Ance lokacin da firij ke tashi shine yake zuƙar wuta sosai, kashewa da kunnawar ma ya fi barinsa a kunne cin kuɗi. Anti Maman Biyu asara kike yi ba riba ba.

Maman Biyu: Toh kun gani, yanzu magana ta zama uku. Ina Kawu, kai ne mai sana'ar.

Kawu Mai Gyara: Gani nan. Ɗan Auta bari in fara da kai don taka ta fi saurin warwarewa. Eh kwamfireso, wato injin da ke sa firij sanyi, yana jan wuta da ƙarfi lokacin tashi, ninki da yawa na abin da yake ja in ya daidaita, amma wannan jan sakan ɗaya ne ko biyu, mita ma da ƙyar zai ji shi. Kuma ko ba ka taɓa soket ba firij da kansa yake tashi yana tsayawa sau da yawa a yini, ka saurara da dare za ka ji ya yi gurnani na ɗan lokaci sai ya yi shiru. To tashi ɗaya da asuba ba shi ne zai cinye kuɗi ba.

Ke kuma ƙanwata inda lissafinki ya karkace shine kin ɗauka firij yana shan wuta awa 24 ba tsayawa. Akwai abin da ke auna sanyi a ciki, tamostat muke ce masa, in sanyi ya kai sai ya yanke kwamfireso, in zafi ya shigo ta jikin bango da ƙofa sai ya sake tayar da shi. Da dare ɗaki ya huce, ba mai buɗe ƙofa, ba mai saka abu mai ɗumi, wato lokacin da ya fi hutawa kenan kike kashe shi. Sannan duk zafin da ya shiga cikin awa 8 ɗin nan bai je ko'ina ba yana nan cikin abinci da ruwa da bangon firij, da kin kunna sai kwamfireso ya daɗe yana aiki ba yankewa har ya fitar da shi. Yawancin abin da kika tsimi da dare da safe kike biya.

Hajiya Babba: Yawanci kace ai, ba duka ba. Kenan akwai saura.

Kawu Mai Gyara: Akwai Hajiya, ba zan ce babu ba. In cikin firij ya ɗumama zafin da ke shiga yana raguwa, saboda bambancin ciki da waje ya ragu, nan ne ɗan tsimin yake. Amma ki lura da abin da hakan ke nufi, ba a samun tsimin sai abincin ya ɗumama. In bai ɗumama ba ba ki rage komai ba, in ya ɗumama kuma kin shiga wata matsalar.

Anti Nas: Matsalar nan ce ta sa na kasa yin shiru. Maman Biyu dan girman Allah in akwai nama ko kifi ko madara ko ragowar dafaffen abinci a ciki ki daina. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa tayi a ajiye abinci ƙasa da digiri 5 ko sama da digiri 60, tsakanin nan ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa da sauri, kuma kar dafaffen abinci ya wuce awa 2 a zafin ɗaki. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka kuma tace in wuta ta ɗauke firij da ba a buɗe ba yana riƙe sanyin da ya dace kamar awa 4 ne kawai. Ke awa 8 kike yi, kuma ba sau ɗaya ba kullum ne, abincin ya ɗumama ya yi sanyi ya ɗumama ya yi sanyi. Kar garin neman gira a rasa ido, kwana ɗaya a gadon asibiti da yaro mai amai da gudawa ya cinye tsimin shekara.

Maman Biyu: Anti amma wlh da safe in na buɗe da sanyinsa nake samu, kuma ba abin da ya taɓa yin wari. Kuma ai ina ɗumama komai sosai kafin a ci.

Anti Nas: Hannu ba ya auna digiri ƙanwata, abu mai digiri 10 ko 12 in kin taɓa za ki ji sanyi ne amma ƙwayoyin sun samu yadda suke so. Kuma waɗanda ke sa cuta ba lallai su canza wari ko ɗanɗano ba, abin da ya sa suke da haɗari kenan. Ɗumamawa tana kashe da yawa daga cikinsu gaskiya ne, sai dai akwai masu barin dafi a cikin abinci wanda tafasa ba ta lalata shi. Sannan duk wanda ke da magani a firij ya ji wannan da kyau, allurar insulin ta masu ciwon suga da ba a fara amfani da ita ba tsakanin digiri 2 zuwa 8 ake ajiye ta, ba abin wasa da soket ba ne.

Amarya: To firiza fa? Ni tawa nake kashewa ba firij ba, komai na ciki ya zama dutse.

Kawu Mai Gyara: Firiza ta fi juriya nesa ba kusa ba, in a cike take kuma ba a buɗe ba tana kai awa 48, in rabi ce awa 24. To dare ɗaya ba zai narkar da ita ba. Amma maganar tsimi dai ɗaya ce, da safe sai ta biya bashin ta koma digiri 18 ƙasa da sifili inda ya kamata ta zauna. Kuma in saman kaya yana ɗan saki yana sake daskarewa kullum naman yana canza, ƙanƙara kuma tana ƙara taruwa a bango.

Ɗan Auta: Na ɗan yi lissafi a waya. A jikin sabon firij akwai takardar da ke nuna yunit nawa yake sha a shekara, mu ɗauka 250 misali. In ka raba da 365 bai kai yunit 0.7 a rana ba. Ko da lissafin Anti Maman Biyu ya tabbata dukkansa, kashi ɗaya bisa uku wajen 0.23 ne. Butar lantarki mai wat 2000 in ta yi minti 7 a kunne ta sha wannan.

Hajiya Babba: Wannan sabon firij kake magana ɗana. Wa yake da sabo? Nawa ya girmi wasu a gidan nan, kuma a ɗaki mai zafi ba abin da aka rubuta a takarda yake sha ba. Ku masu lissafi kullum sai ku ce abu kaɗan ne kaɗan ne, to mai ƙaramin ƙarfi da kaɗan ɗin yake rayuwa. Ba kowa ke da kuɗin canza kaya ba, abin da hannunsa zai iya shine ya kashe soket.

Kawu Mai Gyara: Nan kam kin faɗi gaskiya Hajiya, tsohon firij yana iya shan ninki biyu ko fiye na sabo, zafin ɗaki ma yana ƙara masa. Kuma ban ce kowa ya je ya sayi sabo ba. Amma tsohon shi ya fi saurin ɗumama in an kashe, don robar ƙofarsa ta saki. Abubuwan da ke rage masa ci ba sa buƙatar ko sisi. Ki saka takarda a bakin ƙofa ki rufe ki ja, in ta zare salin alin ba turjiya to robar ba ta kamawa, sanyi na fita dare da rana, wani lokacin wanke ta da ruwan ɗumi kawai ya isa, in ta tsage a canza ta ita kaɗai. Ki matsar da shi daga bango iska ta samu hanya, ki goge ƙurar ƙarafan bayan nan don ta nan yake fitar da zafi, kar ya zauna kusa da murhu ko inda rana ke dukansa. In ƙanƙara ta kai kaurin rabin santimita a narkar, kar a sa wuƙa a fasa, da yawan firij ɗin da ake kawo min wuƙa ce ta huda bututun gas ya tsere. Abinci ya sha iska kafin a saka, a rufe, amma kar ya wuce awa 2 ɗin da Anti Nas ta faɗa. Sai yara masu buɗe ƙofa su tsaya suna tunanin me za su ɗauka.

Maman Biyu: Wannan na ƙarshen kam kamar a gidana kake. Toh caja fa da Hajiya tace, ita ma ba komai?

Ɗan Auta: Cajar waya mai kyau in ba waya a jikinta kusan ba ta shan komai. Tarayyar Turai tun 2020 ta sa doka ƙananan caja kar su wuce wat 0.1 in ba sa aiki, shekara guda cur bai kai yunit 1 ba. Dutsen guga mai wat 1000 in ya ja wuta na awa ɗaya ya wuce ta. Ko tsohuwa ce mai shan wat 0.5 yunit 4 da ɗan wani abu ne a shekara.

Kawu Mai Gyara: Amma a ci gaba da cirewa, musamman jabun nan masu zafi a hannu, ba don kuɗi ba don gobara. Ƙa'idar da nake ba mutane ita ce duk abin da aikinsa ya yi zafi shi ke cin kati, hita, dutsen guga, butar lantarki, murhun lantarki, sai kuma na'urar sanyaya ɗaki. A tara guga a yi lokaci ɗaya, a tafasa iya ruwan da ake buƙata ba a cika buta don kofi ɗaya ba, kar hitar wanka ta kwana a kunne. Ƙwan fitila ma, tsohon mai wat 60 kusan kashi 90 cikin 100 na wutarsa zafi yake zama, na LED mai wat 9 hasken ɗaya suke bayarwa. In yana awa 5 kullum bambancin ya haura yunit 90 a shekara ƙwai ɗaya, uku sun fi abin da firij ɗin lissafin Ɗan Auta ke sha gaba ɗaya.

Hajiya Babba: Na ji duka, kuma maganar abinci da magani ba ni da ja. Amma ƙaramin firij ɗina na ɗaki ruwa ne kawai a ciki, ba abin da zai lalace, shi kam zan ci gaba da kashe shi, ko yunit ɗaya ya rage nawa ne.

Kawu Mai Gyara: Wannan ba laifi Hajiya. Sai dai in ruwa ne kawai kuma akwai wuri a babban, ki mayar da ruwan can ki kashe ƙaramin gaba ɗaya ki bar ƙofarsa a ɗan buɗe kar ya yi funfuna, nan ne za ki ga bambanci a mita. Kuma duk wanda ya kashe firij kar ya mayar nan take, ya jira kamar minti 5 gas ɗin ya daidaita, kunnawa a kan matsi shi ke wahalar da kwamfireso.

Maman Biyu: Ni dai har yanzu ina so in gani da idona. Zan rubuta lambar mita da dare da kuma washegari a lokaci ɗaya, mako guda ina kashewa mako guda ina bari.

Anti Nas: Ki gwada, amma makon kashewar ki fitar da nama da madara da ragowar abinci tukuna, ruwa kawai ki bari.

Kawu Mai Gyara: Kuma guga da hita su zama iri ɗaya a makonnin biyu, in ba haka ba su za ki auna ba firij ba. Ki turo lambobin nan mu duba tare.