Harsashina yana shiga takarda a kwance, wa ya taɓa gamuwa da haka?

Bakanon Ohio:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata huɗu ke nan da na shiga kulob ɗin harbin saiti a nan Ohio, bayan na kammala takardu da horon kiyaye haɗari. Na sayi doguwar bindiga da aka taɓa amfani da ita, mai cin harsashin .223, a wurin wani dattijo da ya daina fita fili. Da harsashi mai giren 55 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne) ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba, a yadi 100 murfin kwalbar lemo zai rufe huda biyar. Da na ƙudura fara harbin yadi 600, abokan fili suka ce in koma giren 77 don ya fi jure iska. Asabar ɗin da ta wuce na gwada a yadi 100. Cikin harbi goma, uku ba su taɓa takardar ba sam. Sauran kuma hudarsu doguwa ce, siffar harsashin a kwance kamar an zana shi da fensir. Raina ya ɓaci ƙwarai, don kuɗin da na zuba ba kaɗan ba ne. Bututun ne ya mutu, ko hannuna ne? Wanda ya taɓa ganin haka ya taimaka ya ba mu labari.

Dattijon Texas:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ɗana, bututunka lafiyarsa lau, hannunka ma haka. Abin da ya same ka ya same ni shekaru da dama da suka wuce, da irin wannan bindigar.

Ka tuna wasan katantanwa da muka yi muna yara? Idan ka murza ta da ƙarfi sai ta tsaya cak a kan tsininta. Da juyin ya yi sanyi sai ta fara layi, ta faɗi. Harsashi ma haka yake. Adakar mafarautanmu na gida cikinta sumul ne, shi ya sa ba ta cin nisa. Wannan kuwa an yi wa cikin bututunta tsagi a murɗe, shi ke murza harsashi kafin ya fita. Idan aka rubuta 1:12, ana nufin harsashi zai yi cikakken juyi ɗaya a cikin inci 12. Wanda aka rubuta 1:8 ya fi shi saurin murɗi.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne suna duban nauyi, alhali tsawo ne ke hukunci. Giren 77 ya fi nauyi ne saboda ya fi tsawo, faɗin kuwa ɗaya ne da na 55. Dogon abu kuma sai da juyi mai ƙarfi yake tsayawa. Tun 1879 wani malamin lissafi na Ingila, Greenhill, ya fitar da ƙa'ida: ka ninka faɗin harsashi da kansa, ka ninka da 150, ka raba da tsawonsa, duka a inci. Naka faɗinsa 0.224 ne, tsawonsa kusan inci ɗaya, amsar ta faɗo wajen 7.5, wato murɗin 1:7.5 yake buƙata. Ina kyautata zaton bututunka 1:12 ne, irin na da. Ka ga tazarar da nisa.

Sojojin Amurka ma sun bi ta nan. Bindigarsu M16 ta farko 1:14 ce, da aka gwada ta cikin tsananin sanyi harsashin ya ƙi tsayawa, aka mai da ita 1:12. A farkon shekarun 1980 aka koma 1:7 a M16A2, musamman saboda dogon harsashin nan mai haske da ake bin sawunsa da dare.

Ɗan Zangon Bisley:
Baba ya faɗi gaskiya. Amma bari in kawo nawa, don akwai shiga a kwance iri biyu, kuma ni na biyun ne ya cinye mini kakar gasa guda.

Ina harbi da bindiga mai cin harsashin .308 a Bisley, a gundumar Surrey ta Ingila. A filin Century, daga yadi 300 zuwa 600, harsashin giren 168 na gasa yana yi mini aiki yadda nake so, bututuna 1:12. Ranar da na fara hawa Stickledown, filin harbin nesa na Bisley, na kwanta a yadi 1,000, sai komai ya wargaje. Wannan ya sauka hagu, wancan ƙasa, wani a rasa inda ya shiga. Mai duba allo ya aiko ta rediyo cewa huda biyu a karkace suke. Na ce to murɗi ne ya gaza, har na fara tambayar kuɗin sabon bututu.

Wani tsoho da ke kwance kusa da ni, wanda ya fi shekara talatin a filin, ya ce in bar kuɗina a aljihu. Ya ce wannan harsashi an ƙera shi ne don gasar mita 300, gindinsa an fiƙe shi da kwana mai kaifi, digiri 13. Sauti yana tafiyar ƙafa 1,120 a daƙiƙa, ko kusa da haka. Kafin harsashin ya kai yadi 1,000 gudunsa ya sauko kusa da wannan iyaka, a nan iska ke fara wasa da gindinsa, ya fara rawa kamar mazari ya kusa tsayawa. Ƙarin murɗi ba lalle ya warkar da wannan ba.

Ya ba ni giren 155 guda goma na gwada. Duka suka shiga da kai. A nan na gane abin da ya sa masu harbin Palma, gasar da ta faro tun 1876 ake yin ta a yadi 800, 900 da 1,000, suke riƙe da giren 155 da bututu mai inci 30, murɗinsa 1:13. Dokar gasar ta ƙayyade nauyin harsashi, su kuma suka tsawaita bututu don ya fita da gudun da zai kai shi allo yana gaban sauti. To Malam na Ohio, tunda naka tun a yadi 100 yake kwanciya, murɗi ne. Wanda nasa ke tafiya daidai sai can nesa ya lalace, ya fara duba gudu da siffar harsashi tukuna.

Bazazzagin Gauteng:
Ni nawa bai ma kwanta ba, shi ya sa ya fi wuyar ganewa. Ina Johannasbag, tudu ne mai tsayin kusan mita 1,750 daga teku, iskarmu shara-shara ce. Bututuna na harsashin milimita 6.5 ne mai 1:9, ina harba dogon giren 140, shekara biyu ba ƙorafi. A watan Yuli, lokacin hunturun nan ƙasar, na je gasa bakin teku. Hudar zagayayya ce, amma a mita 900 sai ƙasa-ƙasa nake sauka, ƙasa da abin da lissafina ya ba ni ko bayan na saka bambancin iska, kuma tarin hudar ya buɗe. Na zargi madubin saiti, na zargi albarushi, na kwana ina tunani.

Da na dawo wani abokin fili ya zauna da ni muka saka tsawon harsashin a lissafin Miller, wanda ya fito a 2005 kuma ya fi na Greenhill dacewa da dogayen harsasan yanzu. Lissafin yana ba da lamba ɗaya. Ƙasa da 1.0 harsashi zai wuntsila. Daga 1.5 zuwa sama ya zauna daram. Tsakaninsu kuwa yana tafiya da kai amma yana ɗan kaɗa hanci, iska na cin gudunsa fiye da abin da aka rubuta a kwali. Bryan Litz, masanin tafiyar harsashi, ya yi gwaje-gwaje a kan wannan, shi ma 1.5 yake ba da shawara. Nawa a gida yana wajen 1.5, a bakin teku cikin sanyi ya sauko wajen 1.2, domin iska mai sanyi ta ƙasa ta fi kauri. Ashe tudun ne yake rufa mini asiri shekara biyu. Yanzu 1:8 nake da shi, irin wanda bindiga mai cin harsashin 6.5 Creedmoor ta zo da shi tun fitowarta a 2007.

Matashin Arizona:
To in haka ne Yaya, me zai hana kowa ya sayi mafi saurin murɗi ya huta? Ni 1:7 na saka, komai na ba ta tana ci.

Injiniya 'yar Damagaram:
Ƙanena, ba komai ba, ka dai yi sa'a zuwa yanzu. Ina Kanada, ina harbin F-Class, wani rukunin gasar harbin nesa da aka ƙirƙiro a nan ƙasar. Harafin F ɗin daga sunan George Farquharson ne, dattijon da ya nemi a bar masu shekaru su yi amfani da madubi da abin ɗora bindiga. Bindigata .223 ce mai 1:7, don giren 80 zuwa 90 na saka shi. Wata rana na ce bari in yi atisaye da giren 50 masu araha, masu siririyar riga, irin na harbin ƙananan dabbobi. Harbi na shida babu huda. Na bakwai babu. Wadda ke duba mini ta ce tana ganin wani ɗan hayaƙi toka-toka a tsakiyar fili. Harsashin ne ke tarwatsewa a iska.

Da na koma gida na yi lissafi. Ka ninka gudu da 720, ka raba da murɗi, zai ba ka juyi a minti. Ƙafa 3,400 a daƙiƙa cikin 1:7 ya kai juyi kusan 350,000 a minti ɗaya. Siririyar rigar tagulla ba za ta riƙe darmar ciki ba a wannan juyi, balle bututu ya yi zafi. Giren 80 kuwa a ƙafa 2,800 juyi 288,000 yake yi, rigarsa kuma ta fi kauri.

Akwai wani abu kuma. Babu harsashin da nauyinsa ya daidaita ɗari bisa ɗari, kuma yawan juyi yana fito da ɗan aibin da ke ciki. Shi ya sa masu harbin kan teburi a yadi 100 da 200, da harsashin 6 PPC, suke zaɓen wajen 1:14 da gajeren harsashi. Sannan bututu mai murɗin dama yana jan harsashi dama a hankali. A .308 abin kan kai inci 9 ko 10 a yadi 1,000, kuma yana ƙaruwa da ƙaruwar juyi. Wannan ba ya tayar mini da hankali tunda ana lissafa shi, amma a san da shi.

Dattijon Texas:
Hajiya ta cika mana. Ɗana na Ohio, kafin ka kashe ko sisi, auna bututun da hannunka. Na taɓa sayen wanda aka ce mini 1:9 ne, na auna na samu ya kusa 1:10, kuma wannan inci ɗayan ya hana ni harba abin da na saye shi dominsa. Ka tabbatar bindiga babu komai ciki, ka zare sakata. Ka sa ƙyalle mai matsewa a sandar goge bututu, irin mai juyawa a mariƙinta. Manna ɗan salatif a sandar kamar tuta, ka yi alama inda ta shiga. Tura a hankali har tutar ta zagayo inda ta fara, ka sake alama, ka auna tsakaninsu. Yi sau uku. Kuma idan kulob ɗinku ya koma harsashin tagulla zalla, ka sake lissafi, don tagulla ba ta kai darma nauyi ba, giren ɗaya amma ya fi tsawo.

Bakanon Ohio:
Allah ya saka wa kowa da alheri, Baba, Hajiya, da sauran yayyena. Na auna daren jiya sau uku, inci 12 cif kowane karo. Yau da safe na koma fili da giren 53 mai shafaffen gindi, huda biyar suka taru ƙasa da inci ɗaya a yadi 100, dukansu zagayayyu. Na yi magana da maƙerin bindigar kulob ɗinmu, tambayar farko da ya yi mini ita ce wane harsashi nake son harbawa a yadi 600, kuma ko zan fita a watan Janairu, don sanyin Ohio ba wasa ba ne. Na ce giren 77 da 80, kuma zan fita. Ya ce to 1:8 zai isa, amma shi 1:7.5 zai saka mini saboda hunturu, aikin zai ɗauki wata uku. Kwalaye biyu na giren 77 da suka rage na ajiye su a akwati har bututun ya iso.