Muhawara: Shin ya kamata ƙananan hukumomin Maradi su ware kuɗin ko-ta-kwana?

Tsohon kansila, Madarunfa:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da na daɗe ina juyawa a raina, na kuma san ba kowa zai yarda da ni ba. Ra'ayina shi ne kowace ƙaramar hukuma a jahar Maradi, musamman na kusa da iyakar Najeriya irin su Gabi, Ɗan Isa, Safo da Gidan Sori, ta ware wani kaso a kasafin kuɗinta na shekara don shirin ko-ta-kwana idan 'yan bindiga sun kawo hari. Tun 2019, lokacin da dubban mutane suka tsallako daga Sakkwato, Zamfara da Katsina, har aka kafa musu matsuguni a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori, mun san wutar ta iso bakin danninmu. Duk da haka, a shekarun da na yi a majalisa muna tsara PDC, wato shirin raya ƙaramar hukuma, mun yi ta jayayya kan azuzuwa da rijiyoyi da rumfunan kasuwa, amma ba mu taɓa zama mun rubuta abin da za a yi a daren da aka harbi mutum biyar a ƙauye guda ba. Ina ganin wannan sakaci ne, kuma da ni aka yi shi.

Ɗan kasuwa, birnin Maradi:
Wa alaikumus salam. Ranka ya daɗe, ina girmama shekarun da ka yi kana wa jama'a aiki, amma ban yarda da wannan shawara ba. Tsaro aikin gwamnatin tsakiya ne, ita ke da soja da jandarma da 'yan sanda, ita kuma ta kafa rundunar Farautar Bushiya saboda wannan yanki. Bayan haka, tun 2023 aka buɗe asusun FSSP na ceton ƙasa, kuma kowane ɗayanmu yana zubawa ta hanyar abin da ake cirewa a kuɗin waya da tikitin mota. Ƙaramar hukuma fa da me take rayuwa? Da lanho da harajin kasuwa, alhali ƙauyen da ya watse ba ya biyan lanho, kasuwar dabbobin da aka kore wa shanu kuma ba ta kawo komai. Abin da ya fi damuna shi ne, tun watan Afrilun 2024 aka rusa majalisun da muka zaɓa aka naɗa shugabannin riƙo, to wa zai sa ido a kan wannan kuɗi? Kuɗin da aka ce na gaggawa ne shi ya fi kowane saurin ɓacewa, domin ana fitar da shi ba tare da an tsaya dogon bayani ba.

Ma'aikaciyar jinya, Gidan Runji:
Alhaji, ka yi haƙuri in ba ka labarin dare guda, domin ina ganin kai da Baba kansila ba abu ɗaya kuke nufi da kalmar tsaro ba. Wata damina, wajen ƙarfe biyu na dare, aka kawo mana wani magidanci da aka harba a cinya lokacin da ɓarayi suka zo korar shanunsa. A kan amalanke aka ɗauko shi, an ɗaure ƙafar da zanen matarsa, jini ya jiƙe tabarmar da aka shimfiɗa masa. Abin da za mu iya a ɗakinmu mun yi, sauran aikin sai babban asibiti a Maradi. Motar ɗaukar marasa lafiya tana nan a tsakar gida, direba yana nan, amma babu mai a cikinta. Ƙaninsa ya bi gida-gida yana buga ƙofa yana haɗa jika ɗaya, jika biyu, sannan aka je aka tashi mai sayar da mai na kwalba daga barci. Kusan awa biyu muka ɓata ina riƙe da fitilar salula a kan raunin. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma har yau idan na tuna yadda yake kallona yana salati, jikina yakan yi sanyi. Soja ba zai zuba mana mai a mota ba, kuma ba aikinsa ba ne. Wannan giɓin ne nake ganin ƙaramar hukuma ce kaɗai ke kusa da shi.

Ɗalibi, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo:
Iyayena, ni kuwa a ganina idan har za a ware kuɗin, a kashe shi wajen hana harin tun farko. Matasan ƙauyukanmu sun san kowace hanya ta dajin Baban Rafi. A ba su babura da kayan aiki da ɗan alawus su kare garuruwansu, maimakon mu zauna muna lissafin kuɗin ɗaukar waɗanda aka riga aka harba.

Malamin makaranta mai ritaya, Tibiri:
Ɗana, na fahimci zafin da ke ranka, amma wannan hanya an bi ta a gabanmu mun ga inda ta ɓulle. A Zamfara 'yan sa-kai sun tashi da sunan kare kai, sai aka shiga yi wa Fulani kuɗin goro, mai laifi da marar laifi, ramuwar gayya ta bi bayan ramuwar gayya har abin ya fi ƙarfin kowa, kuma guguwar ce ta koro mana baƙin da muke zaune da su yau. A ƙasarmu ma, ranar 2 ga Nuwamban 2021, magajin garin Banibangu a jahar Tilaberi ya fita da 'yan kwamitin sa-ido na yankinsa, aka yi musu kwanton ɓauna, mutum 69 suka rasu har da shi. Bindiga a bar ta a hannun waɗanda doka ta ba su. Ku kuma tuna abin da ya same mu nan Maradi cikin kwanakin da suka biyo baya: ramin haƙar zinariya ya rufta da mutane a yankin Ɗan Isa ranar 7 ga wata, washegari kuma gobara ta tashi a azuzuwan zana cikin birni ta ci yara sama da 20. Babu ɗan bindiga ko ɗaya a cikin waɗannan biyun, amma abin da aka nema duk ɗaya ne: wanda zai kai labari da wuri, motar da za ta tashi nan take, da jinin da za a ƙara wa wanda ya zubar. Ambaliyar 2024 ma abin da ta tambaye mu ke nan. Saboda haka ni ina bayan kansila, sai dai ina so a kira asusun na agajin gaggawa gaba ɗaya, kada a tsuke shi a kan hari kawai.

Ɗan kasuwa, birnin Maradi:
Malama, labarinki ya taɓa ni, Allah ya saka miki da alheri. Na yarda man mota ba abin da za a jira Yamai ta aiko ba ne. Amma tambayata tana nan ba a amsa ba. Idan aka ce ga jika ɗari biyar a ajiye, a hannun wa za ta kwana, kuma wa zai gaya mini a ƙarshen shekara lita nawa aka saya?

Tsohon kansila, Madarunfa:
Alhaji, tambayarka ce ta fi kowace nauyi, kuma ba zan kauce mata ba. Ba sabon gini za mu ɗora ba, domin harsashin yana nan. Tsarin ƙasa na rigakafin yunwa ya daɗe da kafa kwamitocin SCAP-RU a ƙauyuka da OSV a ƙananan hukumomi, waɗanda aikinsu shi ne su hango matsala su kai rahoto sama. Yawancin waɗanda na sani suna motsi ne idan wata ƙungiyar agaji ta kawo kuɗi, da ta tafi sai su kwanta. Abin da nake nema shi ne ƙaramar hukuma ta ɗauki ɗawainiyarsu da kanta: katin waya ga mai kai rahoto, horon tsayar da jini ga 'yan kabu-kabu da ungozomomi tunda su ne ke fara isa wurin, da rumbun gero da tabarmi da wani fili da aka sani tun kafin ranar, don mutanen da za su kwana a waje. Game da mai, kada a riƙe tsabar kuɗi ko kaɗan. A biya gidan mai tun farkon shekara, a ba shugaban asibiti takardun karɓa masu lamba, kada a fitar da ko ɗaya sai da sa hannunsa da na wakilin hakimi, sannan duk wata uku a liƙa lissafin a ƙofar ma'aikatar magajin gari, a kuma karanta shi a rediyon gari da Hausa da Fulatanci. Ƙananan hukumomi biyu ko uku masu maƙwabtaka suna iya haɗa hannu su riƙe mota ɗaya, su kuma nemi tallafi daga hukumar ANFICT da aka kafa don ba su kuɗin aiki. Rashin zaɓaɓɓun kansiloli gaskiya ne, yana kuma damuna, amma shi ya sa nake son a sa hakimai da limamai da shugabannin mata da na makiyaya a cikin masu duba lissafin.

Ɗan kasuwa, birnin Maradi:
Idan za a liƙa lissafin inda kowa zai gani, na janye rabin adawata. Sauran rabin sai na ga takardar farko a bango da idona. Kuma ina roƙon kada a ƙara wa 'yan kasuwa wani sabon haraji da wannan suna, a rage daga kuɗin bukukuwa da tafiye-tafiye.

Ma'aikaciyar jinya, Gidan Runji:
Baba kansila, a ƙara abu ɗaya a cikin takardar. A kowane gari a samu jerin matasan da aka gwada jininsu aka san rukuninsa, waɗanda suka amince a tashe su ko da tsakar dare ne. Ɗana na jami'a, ga aikin da ku da abokanka za ku iya farawa tun wannan hutun. Idan kun shirya ku zo ku same ni ranar kasuwa, zan haɗa ku da masu gwajin.