Don Allah a ba ni shawara: in karɓi Windows 11 yanzu ko in bari ɗalibai su gama furojet?

Mai Taifin: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana uku ke nan wannan abu na cin raina, shi ya sa na ce bari in kawo shi nan. Ina da ɗan shago a Samaru ta Zariya, ina taifin da firintin da haɗa katin biki. Kwamfutar da nake aiki da ita ba ni na saya ba, Yayana ne ya bar mini lokacin da ya koma Kaduna da iyalinsa, shi ma wani abokinsa ne ya zo masa da ita daga waje. A lokacin ina wurin wani maigidana ina koyon aiki, shekara huɗu na yi masa, muka rabu babu daɗi a kan maganar kuɗin tawada, wannan dai labarin wata rana ne. Da wannan kwamfutar na buɗe shagona, da ita na biya haya sau uku, da ita na yi lefe. Yaya ya ce mini in riƙe ta amana, don haka ko ƙanena ba na bari ya taɓa.

To tun wajen watan Oktoba wani saƙo ke fitowa, wai an daina kula da Windows 10, in koma 11. Kullum sai in danna a tuna mini daga baya. Shekaranjiya ya rufe allon gaba ɗaya a gaban wata kwastoma, har ta tambaye ni ko kwamfutar ta lalace ne. Yanzu haka akwai furojet ɗin ɗalibai 11 a ciki, biyar daga cikinsu mako mai zuwa za su kare nasu. In danna kawai in huta, ko in ƙyale? Na rasa yadda zan yi.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Danna yau ɗin nan, kar ka kwana. Tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta rufe babin Windows 10, ma'ana duk wata ɓaraka da aka gano bayan wannan rana ba za a aiko maka da gyaranta kyauta kamar da ba. Kana zaune ne a gidan da ƙofarsa ba sakata. Ka tuna bairos ɗin nan WannaCry a watan Mayun 2017? Ya kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, asibitocin gwamnati a Ingila sai da suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Abin takaicin, an fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris, wata biyu kafin abin ya faru. Waɗanda suka sha wuya su ne masu danna a tuna mini daga baya, irinka. Rigakafi ya fi magani.

Mai Gyara a Farm Centre: Injiniya, da girmanka, wannan shawarar ta mai zama a ofis da na'urar sanyaya ɗaki ce. Mutum na da aikin ɗalibai a hannu ka ce ya danna yau? Ba a fafe gora ranar tafiya. Ai a Oktoban 2018 an saki wani babban afdet na Windows 10 da ya riƙa share wa wasu mutane fayilolinsu, sai da aka janye shi bayan 'yan kwanaki. Ni abin da ke aiki ba na taɓa shi. Malam Mai Taifin, bar ta yadda take.

Injiniya: Shekara nawa ke nan da wancan? Kuma Windows 11 ta fito tun Oktoban 2021, ba jiya ba. Ku masu gyara dama kun fi son kwamfuta ta kamu a kawo muku.

Mai Gyara a Farm Centre: Allah ya shirye ka. In don kuɗi ne ai da na ce ya danna, gobe ya taho da ita Kano.

Maman 'Yan Biyu: Wallahi kun tuna mini da baƙin ciki. Tawa ina tsaka da afdet, ta rubuta kar a kashe, tana kashi sittin da wani abu, aka ɗauke wuta. Batirin dama ya daɗe da mutuwa. Da wuta ta dawo sai ɗigo-ɗigon nan ke ta zagaye, har gari ya waye. Na kai wa wani mai gyara, na roƙe shi da Allah ya ceto mini hotunan sunan yarana. Ya ce in dawo jibi. Na dawo na tarar ya yi mata fomatin tas, wai ya manta. Kuma ya karɓi kuɗinsa cif. Har yau in na wuce ta layin nan ba na kallon shagonsa.

Mai Taifin: Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Ni ma batirina ba ya riƙe caji sosai, amma ina da janareta ƙarami, ba matsala ba ce.

Malama Mai Koyar da Kwamfuta: Ƙanina, akwai abubuwan da ba ka faɗa ba, kuma su ne maganar. Saƙon cewa ya yi kwamfutarka ta cancanci Windows 11, ko dai kawai yana shaida maka an daina kula da 10? Ba ɗaya ba ne. Windows 11 tana buƙatar wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da RAM, wato ma'adanar da kwamfuta ke aiki da ita nan take, aƙalla giga 4, da wurin ajiya giga 64, kuma in ƙwaƙwalwar kwamfutar ta kamfanin Intel ce galibi sai ta zuriya ta takwas zuwa sama. Kwamfutar da aka bar maka shekarun baya tana iya faɗuwa wannan jarrabawar, ka ga duk gardamar nan ta zama ta banza.

Sannan a raba abu biyu. Akwai ƙananan gyare-gyaren tsaro da ke zuwa kowace Talata ta biyu a wata, waɗannan ba a wasa da su. Akwai kuma sauya tsarin gaba ɗaya daga 10 zuwa 11, wannan kamar tashi ne daga gida zuwa wani gida, ba a yin sa ranar da ake da baƙi. Microsoft ta buɗe wani shiri mai suna ESU da zai ci gaba da ba Windows 10 gyaran tsaro har zuwa 13 ga Oktoba 2026. Ana shiga da dala 30, ko kyauta in ka haɗa saitunanka da asusun Microsoft. Ka shiga wannan, ka gama da ɗalibanka, ka sauya a natse. Amma kafin komai, ka kwafe furojet ɗin nan a wani wuri daban? Wannan ce tambayata ta gaske.

Mai Taifin: Na gode Malama. Ban karanta saƙon duka ba gaskiya, da na ga ya fito sai in rufe. Maganar kwafi kuwa, ina da falash amma ta cika da wa'azi da karatun Alƙur'ani, ba zan iya gogewa ba. Kuma shekara da shekaru kwamfutar nan ba ta taɓa ba ni matsala ba. Asusun Microsoft ɗin ma ina jin da imel ɗin Yaya aka buɗe, ban san lambar sirrin ba.

Malama Mai Koyar da Kwamfuta: To ka kira Yayan naka mana. Kuma fayilolin rubutu 11 ba su da nauyi, ko ta imel ka tura wa kanka sun isa.

Mai Taifin: Ba na son damunsa yanzu, matarsa ba ta da lafiya.

Injiniya: Malama, kina wahalar da shi da dogon turanci. ESU jinkirta abin da ba makawa ne kawai. Kuma in ya sauya bai ji daɗi ba, akwai kwana 10 da zai iya komawa Windows 10 ta cikin saituna, tsohon tsarin na nan ajiye a jakar Windows.old. Na yi wa kwamfutoci da dama wannan aikin, ko ɗaya ba ta ba ni ciwon kai ba. Minti arba'in an gama.

Malama Mai Koyar da Kwamfuta: Kwana 10 ɗin gaskiya ne, amma sai in kwamfutar ta tashi. Wadda wuta ta yanke mata a tsakiya fa, kamar ta Maman 'Yan Biyu? Mutum ya ce maka batirinsa ba ya riƙe caji.

Injiniya: Ya ce yana da janareta.

Ɗan Bautar Ƙasa: Duk ba wanda ya yi maganar data. Fayil ɗin shigar da Windows 11 ya haura giga 5. Ni wancan watan na sayi data ta wata guda, na haɗa laftof da wayata in tura takarda ɗaya tak, na shiga wanka, kafin in fito ta shanye rabi. Alawus ɗin da ake ba mu nawa yake? Yanzu sai na saita mata cewa layin na awo ne kafin ta daina sata. Kuma don Allah wa ya san inda ake samun data mai rahusa da daddare?

Baban Gida: Ni dai tun da na ga abin da ya faru a Yulin 2024, jirage suka tsaya a filayen Amurka da Turai, bankuna suka tsaya, allo ya koma shuɗi ko'ina, na ce ni da afdet sai a lahira. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Injiniya: Baba, wannan ba afdet ɗin Windows ba ne. Na wani kamfanin tsaro ne, CrowdStrike, ranar 19 ga Yuli, kuma Microsoft ta ce na'urori kusan miliyan 8.5 ya shafa, yawancinsu na manyan kamfanoni. Shagon taifin na Samaru ba ya cikin lissafin.

Baban Gida: Ko na waye, ai afdet sunansa.

Mai Taifin: Akwai abin da na manta ban faɗa ba. CorelDRAW ɗin da nake haɗa katin biki da shi, tsohon maigidana ne ya sa mini tun muna shiri, ba ni da faifansa, ba ni da lambarsa. In ya tafi, rabin cinikina ya tafi. Sai firinta, tsohuwa ce sosai, sai na ɗan daki gefenta take jan takarda, amma tana aiki. Sannan ɗalibai uku 'yan sashen Hausa ne, da salon haruffan da ake kira Rabi'at na buga musu saboda ƙ da ɗ da ɓ. Ina tsoron in sauya su koma wasu alamomi.

Mai Gyara a Farm Centre: Ka gani ko? Firintar nan ita za ta fara yi maka tawaye. In masu ita ba su fitar da direban da ya dace da sabon tsarin ba, wato manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta, sai dai ka zauna kana kallonta. Makon jiya aka kawo mini irin wannan.

Malama Mai Koyar da Kwamfuta: Haruffan da ka shigar yawanci suna biyo ka in sauyawa ka yi ba fomatin ba, amma ka kwafe fayil ɗin Rabi'at ɗin ka ajiye, sannan ka mayar da furojet ukun nan PDF tun yanzu. Firinta kuma ka duba lambarta a shafin masu ita kafin ka taɓa komai. Ita manhajar zanen, ban san yadda aka sa maka ita ba, kuma ina jin kai ma ka san abin da nake nufi.

Mai Taifin: Malama ai kowa a layinmu haka yake amfani da ita, ba ni kaɗai ba. Ni ba ɓarawo ba ne, sa mini aka yi. Kuma PDF ba zai yiwu ba, malamansu kullum gyara suke kawowa, jiya ma wata ta dawo da babi na huɗu duk jan biro.

Injiniya: Mutum ya zo neman shawara, kowace aka ba shi yana da amsarta. Danna kawai, in firinta ta ƙi ka sayi sabuwa.

Mai Taifin: Da wane kuɗin, Yallaɓai? Haya na jirana ƙarshen wata. Yanzu ma ya sake fitowa na danna daga baya. Wani maƙwabcina mai fotokwafi ya ce in na cire ta daga intanet gaba ɗaya ba abin da zai same ta. Haka ne?

Injiniya: Falash nawa ɗalibai ke soka mata a rana? Ta nan bairos ɗin da ke mayar da jakunkunan fayiloli gajerun hanyoyi (shortcut) yake shigowa, ba ruwansa da intanet.

Mai Gyara a Farm Centre: Wannan kam Windows 11 ma ba ta hana shi in mutum bai kula ba.

Maman 'Yan Biyu: Malam Mai Taifin, nawa kake buga katin suna guda 100? Ƙanwata ta haihu ranar Talata, a Hanwa take.

Mai Taifin: Barka, Allah ya raya. Turo mini sunayen ta akwatin sirri, Hajiya, zan yi miki sauƙi. Amma sai bayan la'asar, man janareta ya ƙare na aiki yaro.